Kwamfutar da Ke Jiran Kawu Labaran

Ummulkhairi ce mai ɗaukar bidiyon biki a ɓangaren mata a Talata Mafara. Wurin kamu da wunin amarya, inda ba a barin namiji ya shiga da kyamara, ita ake kira, har daga Jangebe da Bakura. Kayan aikinta kyamara ɗaya ce da tsohuwar laftof 'yar gwanjo wadda mijinta ya sayo mata kafin a mayar da shi aiki Gusau. A wani ɗan ɗaki da ke jikin zauren gidansu take zama ta haɗa bidiyon.

Da kasuwa ta buɗe, sai iyayen amare suka fara yi mata wata tambaya: shin da kwamfutar Apple take aiki? Wani ne ya gaya wa wata cewa a Sakkwato da ita ake haɗa bidiyo, maganar kuwa ta bi gari. Ummulkhairi ta bincika ta gano akwai gaskiya a ciki. Manhajar haɗa bidiyon da ake yabo ba ta aiki sai a kan tsarin kwamfutar kamfanin, shi kuma tsarin an yi shi ne don injinan kamfanin kaɗai. Injin nasu kuwa ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba.

Ta kai kuka wurin yayanta Mustapha, mai gyaran waya a bakin tasha. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya jawo aljihun tebur ya ɗauko sitika mai hoton tuffa, tambarin kamfanin Apple.

"Manna wannan a bayan murfin," in ji shi. "Wa zai buɗe ciki ya duba?"

"Yaya, ni ba tuffar nake so ba, aikin nake so."

Ta koma gida ta shiga bincike a waya. Nan ta tarar da mutane a ƙasashe daban-daban da suka mayar da wannan abu sana'ar kansu: ɗora tsarin Apple a kan kwamfutar da ba ta Apple ba. Hanyar ita ce a zuba wata 'yar manhaja a filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, wadda za ta tsaya tsakanin injin da tsarin tana yi wa tsarin ƙarya. Za ta ce masa wannan injin ɗan gida ne, ga sunansa, ga lambarsa, ga shekarar da aka ƙera shi. In tsarin ya yarda, sai ya zauna. In ya yi shakka, sai ya tsaya cak.

Makonni ta yi tana fama. Ta kwashe bidiyon mutane ta adana a wani wuri, ta goge laftof ɗin tas. Ta raɗa mata sabon suna, ta ba ta lambar aro. Duk sanda ta kunna, farin rubutu ya yi ta gudu a kan baƙar fuska, sannan fuskar ta yi duhu gaba ɗaya. Sai ta riƙa ɗan bubbuga dogon madannin nan na ƙasa ta ga ko da sauran rai, ta jira, ta jira, ta gaji ta kashe. Ta canza wannan, ta cire wancan, ta tambayi wani Bature a intanet ya ce ta turo hoton rubutun, ta tura, bai sake amsawa ba.

Kawu Labaran ƙanen mahaifiyarta ne, dillalin shanu a Bakura. Kowace Talata yana zuwa kasuwar Mafara, kuma ba ya komawa sai ya biyo ya sha fura a gidanta. Dogo ne siriri, ba ya gaggawa a komai, kuma a dangi an san shi da tsawon gaisuwa. Idan ya fara, sai ya bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan dabbobi, ya koma kan hanya, sannan ya sake daga farko don kada a ce ya tsallake wani.

Wata Talata da la'asar, Ummulkhairi ta danna makunni ke nan sai ta ji sallamarsa a zaure. Ta sauko daga kujera ta durƙusa a bakin ƙofa.

"An wuni lahiya, ɗiyata? Ina gajiya? Ina maigidan, ana jin lahiyatai? Yaran fa? Wanda ya yi tari ya warke? Ina ruwa? Akuyar da ta haihu fa?"

Tana amsawa yana ƙarawa. Sai da ya kai zagaye na biyu ya tsaya, ya miƙa wuya ta saman kanta.

"Mi ne ne wancan ke yi miki marhabin?"

Ta waiwaya. Fuskar laftof ɗin ta haskaka, ga kalmar barka da zuwa tana sauyawa daga harshe zuwa harshe. Ummulkhairi ta miƙe ta matsa kusa ta duba. Sannan ta yi wa Kawu bayanin duk abin da ta yi, har da sunan aro da lambar aro. Ta ɗauka zai yi mata faɗa kan ƙarya. Sai ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba labarin da ya saba ji.

"Wato kin kawo baƙuwa cikin garke kin ce a nan anka haife ta."

"Kusan haka ne, Kawu."

"To Allah ya sa ta zauna."

Ranar ta yi aiki har magariba. Komai ya tafi daidai, in ban da cewa laftof ɗin ba ta ganin intanet sai an jona mata waya, kuma idan aka rufe murfinta ta yi barci ba ta farkawa. Ummulkhairi ta ce wannan mai sauƙi ne. Ta kashe ta da hannunta ta lulluɓe ta da zane.

Da safe ta kunna, duhu. Alhamis duhu, Juma'a duhu. Ba ta taɓa komai a cikin saitin ba. Ta duba filas, ta duba waya, ta sake bin umarnin daga farko. Sai da Talata ta zagayo, Kawu ya yi sallama, ta kunna don ta nuna masa abin da ke damunta, ta durƙusa gaisuwa, laftof ta tashi garau.

Mustapha ya zo ya duba, ya ce ya gane. Matsalar kalanda ce. Akwai wani abu a cikin saitin da ya maƙale a ranar Talata, wataƙila ma saboda ta rubuta sunan garin a wurin adireshi. Ya shiga ya mayar da kwanan watan injin ranar Talata, alhali ranar Asabar ce. Ummulkhairi ta kunna, duhu. Ya ce to injin ya san Talatar gaske.

Talatar da ta biyo baya Kawu bai zo ba, ƙafa ta dame shi. Laftof ba ta tashi ba. A nan ne Ummulkhairi ta fara tunanin da ta ji kunyar faɗa. Ga aikin mutane ya taru. Laraba da safe ta naɗe laftof a zane, ta sa Mustapha ya rufe shago ya ɗauke ta a babur zuwa Bakura. Suka tarar da Kawu a zaurensa ya miƙe ƙafa a kan buzu. Ta ajiye laftof a kan tabarma ta danna, ta durƙusa. Kafin Kawu ya iso kan akuya, tuffa ta bayyana.

Mustapha ya zauna a dakali ya riƙe kai.

Bai yarda nan take ba. Ya ce dole akwai wani abu a jikin Kawu. Suka ari hularsa suka kai Mafara suka ɗora a kan tebur, bai yi ba. Suka ari babbar rigarsa Mustapha ya saka ya zauna a inda Kawu ke zama, bai yi ba. Ya ce to nauyi ne, wataƙila zaman Kawu na danne wata waya a ƙasa, suka jingina buhun gero a wurin, suka ɗora masa hular. Ummulkhairi ta kunna tana kallon buhun, tana bubbuga madanni, har ta ji kamar ta gaishe shi. Bai yi ba. Suka kira Kawu a waya ya yi gaisuwar tun daga farko har ƙarshe, ita ta riƙe wayar da hannu ɗaya, nan ma duhu.

Batirin laftof ɗin kuma ba ya riƙe wuta. Da an ɗauke lantarki ba a jima ba sai ta mutu, sai an sake tayar da ita. Ba yadda za a yi a riƙa zuwa Bakura kowane lokaci. Ummulkhairi ta yi ta juya maganar, a ƙarshe ta je ta durƙusa gaban Kawu ta roƙe shi ya zo ya ɗan zauna a Mafara har ta rage aiki.

Bai yi mamaki ba ko kaɗan.

"Ai ni tun ranar farko na san mi ke nan," in ji shi. "Saniyar da ba a san asalinta ba, ba ta shiga hannun kowa sai dillali ya tsaya mata. Wagga aba tana cikin gari da sunan da ba nata ba. Tsoro take ji. In ta ga babba a wurin, sai hankalinta ya kwanta."

Matarsa Inna Hussaina tana jin su daga tsakar gida. Ta ce ita dai a dawo mata da miji kafin a fara shuka.

Haka Kawu Labaran ya tare a zauren Ummulkhairi da buzunsa da butarsa da rediyo. Ya ɗauki aikin da gaske. Da safe sai ya yi wanka ya sa riga mai kyau, ya fita waje, sannan ya dawo ya yi sallama kamar yanzu ya iso daga Bakura, domin ya ce ba a shigo wa baƙuwa kai tsaye. Ummulkhairi ta danna, ta durƙusa, su gaisa kamar ba su kwana gida ɗaya ba. Idan aka ɗauke wuta sau uku a yini, sau uku za su gaisa, kuma kowane karo sai ya tambayi lafiyar akuya. Idan ya tafi masallaci aka ɗauke wuta, aiki ya tsaya sai ya dawo. Ya daina kiranta kwamfuta, sai dai baƙuwa. Ya hana yara dariya a gabanta. Ya kuma hana a ambaci sunanta na asali a cikin ɗakin, wai kada ta ji ta tuna.

Mustapha ne ya kai labarin tasha, yana ba da shi a matsayin abin haushi. Mutane suka ɗauke shi a matsayin talla. Aka fara kawo wa Kawu rediyo, fanka, injin markaɗe, har da firij a kan kura. Ba ya taɓa komai. Zai sa mai kayan ya kunna, sannan ya ce masa ya zauna su gaisa. Wasu kayan suka tashi, ba wanda ya san dalili. Da yawa ba su tashi ba. Waɗannan Kawu ya yi musu bayani cikin natsuwa.

"Wanga firij ɗan halak ne, asalinai a fili yake. Mutuwa ya yi ta gaskiya, kai shi wurin mai gyara. Ni aikina na masu shakkar asali ne."

Wannan bayani ya jawo abin da ba a zata ba. Wanda kayansa bai tashi ba sai ya fita yana fara'a, an wanke shi. Wanda nasa ya tashi sai jama'ar da ke zaure su zuba masa ido. Wani mai shayi da janaretansa ya kama a gaban Kawu ya wuni yana rantsuwa cewa sabo ya saye shi a kwali. Duk da haka mutane ba su daina zuwa ba.

Ana cikin haka bikin Taibatu ya taso a Maradun. Taibatu ƙawar Ummulkhairi ce tun makaranta, kuma ta roƙi a haɗa bidiyon kamu a nuna wa mata tun kafin a watse. Aka shirya Kawu zai bi su a mota. Da sassafe sai ga wani Malam Sambo daga Faru a kan babur, injin ban-ruwansa ya ƙi tashi, albasa na bushewa. Ya yi ta magiya. Kawu ya ce zai je ya dawo ta Maradun kafin azahar. Ya hau bayan babur ya tafi da buzunsa a hammata.

Ummulkhairi ta ɗauki kamu ta gama. Azahar ta yi, la'asar ta kawo kai, babu Kawu, wayarsa ba ta shiga. Taibatu ta ce tunda zaman jira ake yi, ba za a yi bikinta ƙawarta ta koma da hannu fari ba. Aka zaunar da Ummulkhairi aka shafa mata lalle har wuyan hannu, aka ɗaure hannayen biyu cikin leda. Mata sun cika ɗaki suna tambayar yaushe za a ga bidiyo. Ta yi musu bayani cewa sai kawunta ya iso. Gwaggon amarya, wata tsohuwa mai kaifin baki, ta ce ita ba ta taɓa jin injin da ke da kawu ba, ta miƙa yatsa ta danna makunnin.

Rubutu ya yi gudunsa, fuska ta yi duhu. Ummulkhairi ta ji hannunta ya tafi wajen dogon madannin da kansa, leda ta hana. Ta zauna hannaye a sama tana kallon duhun, tana shirya haƙurin da za ta ba mutane. Can sai tuffa ta fito.

Matan ba su ga abin mamaki ba, suka ce a sa bidiyo. Sai da aka wanke lallen ta haɗa musu, suka kalli kansu suna ta gardama kan wadda ta fi fitowa. Ita kuwa hankalinta na wani wuri. Da ɗakin ya rage, ta kashe laftof ta sake kunnawa, ta bubbuga madanni yadda ta saba: duhu. Ta sake kunnawa ta zauna a kan hannayenta: ta tashi. Ta maimaita har ta tabbata. Tun farko injin ba ya son a taɓa madannansa ne yana tsakiyar tashi, kuma duk duniya ba abin da ke raba hannunta da madannan nan sai gaisuwar Kawu.

Da ta gaya wa Mustapha, ya ce dama ya yi zargin haka, bai so ya faɗa ba ne sai ya tabbatar.

Gaya wa Kawu ne ya yi mata wuya. Ya dawo daga Faru washegari da buhun albasa da kaza, injin Malam Sambo ya tashi, kuma tun daga ranar maƙwabtan gonar Malam Sambo suke yi masa wani irin kallo. Ummulkhairi ta ga yadda Kawu ke fita ya dawo da sallama, rigarsa a goge, sai ta kasa. Ta ci gaba da durƙusawa suna gaisawa. Sai da Inna Hussaina ta aiko cewa ruwa ya sauka, maƙwabta sun yi shuka, in ba a sako mata miji ba za ta zo da kanta ta ga wannan baƙuwa ido da ido.

Ummulkhairi ta dama fura mai kyau ta kai masa, ta zauna nesa kaɗan.

"Kawu, akwai abin da nake so ku gani. Don Allah ku ɗan fita gindin dalbejiyar can, kada ku yi sallama sai na kira."

Ya dube ta, ya ɗauki sandarsa ya fita. Ta kunna ta zauna a kan hannayenta. Da ta tashi ta leƙa ta kira shi. Ya shigo ya tsaya a kan laftof ɗin ya daɗe yana kallo. Ta yi masa bayanin madanni da lalle da leda, a hankali, tana zaɓen kalmomi.

"Daga gindin dalbejiya ai tana jin tarina," in ji shi.

"A Maradun ma ta tashi, Kawu, kuna Faru."

"Faru ai ƙasar Maradun ce."

Ya zauna ya sha furarsa har ƙasa, ya goge gemu.

"Ba abin baƙin ciki ba ne, ɗiyata. Ta saba ne. Kowace baƙuwa in anka yi haƙuri da ita, watarana za ta ci da kanta. Na yaye ta ke nan. Amma ki riƙa ambaton sunana a gabanta jefi-jefi."

Ranar ya naɗe buzunsa. Kafin ya fita ya shiga ɗakin shi kaɗai, ta ji shi yana magana ƙasa-ƙasa, yana cewa a zauna lafiya da mutane, kada a ba shi kunya. Mustapha ya kai shi tasha. A hanya wani mai injin niƙa daga Jangebe ya tare su, Kawu ya ce masa sai bayan shuka, kuma ya fara tunawa da kyau inda ya samo injin kafin a tara jama'a.

Ummulkhairi ta ci gaba da aikinta. Har yanzu duk sanda ta danna makunni sai ta zauna a kan hannayenta, domin ba ta yarda da su ba. Iyayen amare da ke zuwa karɓar bidiyo suka riƙa tarar da ita a haka, su ma sai su nemi wuri su zauna, su cusa hannaye ƙarƙashin cinya, su sunkuyar da kai har tuffa ta fito. Ta yi musu bayani sau da yawa cewa ba addu'a ba ce, nasu hannun ba ruwansa. Suka ce sun ji, amma ba a sani ba. Wata ma ta kan kama hannun jikarta ta danne.